Hular da Aka Kai Wanki

A watannin da aka kulle mu a gida saboda annobar korona, takalma ne suka fara gajiya da zama. Kuala Lumpur gari ne mai danshi, abin da ka ajiye ba ka waiwaye shi ba, funfuna za ta waiwaye maka shi. Wata la'asar ana sheƙa ruwan nan na kullum, na buɗe kabad ɗin bakin ƙofa na tarar takalman fatar maigidana sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Na zauna a ƙasa da tsumma da mai ina gogewa. Warin da ya tashi, na jiƙaƙƙiyar fata da maiƙo, shi ya ɗauke ni daga benenmu da ke titin Jalan Semarak ya dire ni a ɗakin kakana, a wani tsohon barikin kuza a Filato.

Idan ba ka taɓa ganin barikin kuza ba, ba wani abin kallo ba ne. Layukan ɗakuna ne masu rufin kwano mai tsatsa, da shingen ƙerana, da tudun jar ƙasa da aka tono aka bari. Bayan gari akwai manyan ramuka da ruwa ya cika, ruwan kore shar, waɗanda iyayenmu suke hana mu kusanta. Da damina hazo yakan sauka har cikin tsakar gida, ƙanƙara ta yi ta dukan kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Lokacin da na yi wayo kamfanin ya daɗe da tattara nasa ya tafi. Waɗanda suka rage sun koma noman dankalin Turawa, babana kuma yana tuƙa motar da take kai shi kasuwa.

Kakana ya zo barikin ne tun yana saurayi daga wajen Kano, ya yi leburanci, daga baya aka sa shi cikin masu kula da injinan jan ruwa. A ɗakinsa akwai abubuwa biyu da ba a taɓawa. Ɗaya tsohuwar ƙwallon fata ce mai igiya a baki kamar takalmi, wadda ta daina riƙe iska tun kafin a haife ni, amma duk da haka yana shafa mata kitse. Ɗayan kuma hula ce a cikin akwatin ƙarfe, a naɗe cikin farin ƙyalle. Ta karammiski ce, shuɗiya mai duhu, da ɗan baki a gaba, da tuntu na zaren azurfa yana reto daga tsakiya. A goshinta an ɗinka wasu haruffa da lambobi, su ma da zaren azurfa wanda tsufa ya baƙanta.

Hular ba tasa ba ce tun asali. Ta wani Bature ce da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda kowa a bariki yake kira Baturen inji. Kaka ya ce tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, yana ɗingishi, kuma idan kana son ganin ɓacin ransa ka kira shi Ingilishi. Shi ɗan Sikotlan ne. Labarinsa kuwa na ji shi har na haddace. Ya tashi a bakin wani kogi inda ake ƙera jiragen ruwa, yana yaro yana miƙa wa maƙera ƙusa. Ranar Asabar idan an tashi aiki sai su tafi fili da kayan aikinsu a jiki su buga tamaula cikin taɓo. Daga ƙungiyar unguwa wata babbar ƙungiya ta birni ta ɗauke shi. A gaba yake bugawa, ba a gefe can ba, ba kuma a tsakiya sosai ba. Ana nan aka zaɓe shi ya buga wa ƙasarsa wasa, kuma a al'adarsu wanda duk ya buga wa ƙasa hula ake ba shi. Sau ɗaya tak aka zaɓe shi. Bayan nan wata ƙungiya a Ingila ta yi masa tayi ya koma can, ya yi 'yan shekaru ana yayinsa, har ranar da wani ƙato ya shiga masa gwiwa da takalmi mai ƙusoshi. Daga nan tamaula ta ƙare. Ya koma wa ƙarfe da inji, inji kuma ya yi ta jansa gari-gari har ya kawo shi tsaunukanmu.

Kaka ya ce da Baturen ya ga yadda leburori suke wasa da yamma, sai da ya dafe kai. A lokacin gwani shi ne wanda zai ɗaga ƙwallo sama har ta zama ɗigo, 'yan kallo su yi ihu, mata su rangaɗa guɗa. Ko ta faɗo a gonar wani ba komai, an dai ga ƙarfin ƙafa. Baturen ya samo usur ya kafa doka: ƙwallon da ta wuce gwiwa, laifi ce. A ƙasa za ta yi tafiya, da cikin ƙafa za a tura ta, ga na kusa da kai, kai kuma ka matsa inda zai iya maido maka. Samari da yawa suka watse, suka ce wannan wasan tsofaffi ne. Kaka yana cikin waɗanda suka tsaya. Ya ce a shekara ta gaba sun yi ta wahalar da ƙungiyoyin sauran barikoki har sai da aka fara cewa asiri suke yi. Da Baturen zai koma gida, jikinsa ya riga ya yi rauni, kuma ba shi da ɗa. Ya kira Kaka ya ba shi ƙwallon da hular.

To, matsalar ita ce babu wanda ya yarda. Tsaran Kaka da suka ga Baturen da idonsu sun mutu ko sun koma garuruwansu. Waɗanda suke zama da shi a majalisar mai shayi sun zo ne daga baya, kuma a wurinsu mutumin da ƙasarsa ta taɓa zaɓa ba zai ƙare da jan gurguwar ƙafa yana gyaran famfo a dajin Filato ba. Wani ya ce hular 'yan badujala ce. Wani ya ce irinta masu duba tikiti a jirgin ƙasa suke sawa. Idan Kaka ya ɗauko zancen sai su fara taɓa juna, wani ya ce, "Malam, yau ma hular ce?"

Waɗannan ba su dame shi sosai ba, don yana da bakin rama musu. Wanda ya dame shi babana ne. Babana bai taɓa ƙaryata shi ba, tarbiyyarsa ba za ta bari ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya sunkuyar da kai ya yi ɗan murmushi ya ce, "To, Baba." Ni da nake yarinya ma na san abin da wannan "to" ɗin take nufi. Kaka ya fi ni sani. Duk labarin da yake bayarwa a tsakar gida, ko da mu jikoki yake kallo, kunnen ɗansa yake nema.

Ni ce na zama mai sauraronsa, ba don na fi kowa hankali ba, sai don yayyena maza sun fi son su tafi fili su ɗaga ƙwallo sama. Tsakanina da shi wasan jika da kaka ne, amarya yake kirana, ni kuma ba na raga masa. Nakan ce, "Kaka, jiya ka ce da ƙafar dama ya ci, yau kuma ka ce da ka."

Sai ya ce, "Amarya, ke da ko kunu ba ki iya damawa ba, ina ruwanki da ƙafar Bature? Tashi ki tsaya can."

Sai ya turo mini ƙwallon tsumma da cikin ƙafarsa, a hankali, ta zo ta tsaya daidai yatsuna. Idan na ɗaga ta sama ya yi fito da baki a madadin usur. Haka muke yi tsakanin turmi da randa har innata ta leƙo daga madafa ta ce ɗiya mace ba ta da aiki sai tamaula. Ban san ko na yarda da labarin ba a lokacin. Na dai san ina son yadda fuskarsa take yi idan yana ba da shi.

Wata shekara, ana cikin azumi, Kaka ya dawo daga kasuwa da fara'ar da ban saba gani ba. Ya ji cewa an kawo wani likitan dabbobi ɗan Sikotlan a wata cibiya da ba ta da nisa da mu. Ya ce da an yi sallah zai ɗauki hular ya kai masa, kuma babana ne zai kai shi a mota, don ya tsaya a wurin ya ji da kunnensa abin da mutumin zai faɗa idan ya karanta haruffan. Babana ya ce, "To, Baba."

Ka san al'adar gidajenmu idan sallah ta matso. Ana tattara hulunan mazan gida kakaf a kai wa mai wankin hula. Shi kuma aikinsa iri ɗaya ne ga kowace hula: ya jiƙa ta cikin ruwan sabulu, ya dirje ta da buroshi, ya tsoma ta a sitaci, ya kifa ta a kan katakon da aka sassaƙa kamar kai, ya jera a rana. Idan ta bushe ya goge ta har ta tsaya ƙyam. A ranar da aka tattara namu, Kaka ya tafi ta'aziyya wani ƙauye. Babana ya shiga ɗakinsa ɗauko hulunansa, sai ya tuna da ta cikin akwati. Tunaninsa mai kyau ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi niyya ba. Gani ya yi za a kai wa baƙo abu ya duba, ga shi ya yi baƙi yana warin kitse da tsufa, kuma a wurinmu abin kunya ne ka fita da hula mai datti.

Ranar jajiberi aka dawo da su a jere cikin kwali. Ina nan a tsakar gida babana ya ɗauko ta da hannu biyu ya durƙusa ya ce, "Baba, har da ta akwatin na sa aka wanke maka."

Ta tsaya ƙyam kamar kwanon sha. Gashin karammiskin ya tafi, shuɗin ya koɗe ya koma ruwan toka. Ɗan bakin nan na gaba, ashe kwali ne a cikinsa, ya narke ya lanƙwashe. Tuntun ya dunƙule wuri ɗaya. Haruffan kuwa, mai wankin ya ɗauka baƙin zaren datti ne, ya bi shi da buroshi har sai da ya fita. Abin da ya rage 'yan hudojin allura ne kawai, waɗanda sai ka ɗaga ta a rana za ka gan su.

Kaka ya karɓa ya juya ta, ya kai ta hanci ya shinshina. Ya daɗe yana kallon goshinta. Sannan ya ce, "Ta fita kuwa. Allah ya yi maka albarka." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Ba a yi faɗa ba, ba a ɗaga murya ba. Washegari muka je idi, aka ci tuwon sallah, aka yi yawo. Bayan sallah babana ya tambaye shi yaushe za su je wurin likitan, ya ce a bari tukuna. Ba su taɓa zuwa ba. Kaka bai kuma sake ba da labarin ba, ko a majalisa ko a gida. Idan na tsokane shi sai ya ce ya manta. Na ji babana yana ce wa innata, "Hula ce fa kawai," amma da muryar wanda yake son a ce masa haka ne. Haƙuri kuwa bai bayar ba, don a gidanmu ba a san ta inda ɗa yake fara ba ubansa haƙuri a kan alherin da ya yi masa ba. Kaka ya rayu shekaru bayan nan. Hular ta koma kan ƙusa a zaure, yara suka yi wasa da ita, daga nan ban san inda ta shiga ba. Na ji haushin babana ƙwarai a lokacin, kuma haushin bai gama fita ba har na girma.

Karatu ne ya kawo ni Malesiya, ni da maigidana da ɗanmu. Sai da na zo na ji cewa shi ma wannan birnin a kan haƙar kuza aka kafa shi, wasu tafkunan da ake zuwa shan iska a bakinsu ma tsofaffin ramuka ne irin namu, an dai yi musu ado da fitilu. Ɗana a nan ya yi wayo. Idan na yi masa Hausa yana ji sarai, amma amsar da Turanci take dawowa, ko da Malayanci. Kullen ya fi takura masa fiye da kowa. Babu makaranta, babu fili, abinci ma sai dai babansa ya sauka da takunkumi ya yo mana tapau, wato abincin da ake ƙunshewa a tafi da shi gida, daga shagon mamak, masu abincin nan Indiyawa Musulmi. Sai ya mayar da siririn lungun da ke tsakanin ɗakunanmu filin wasa, yana narka wa bango ƙwallo har maƙwabciyarmu ta ƙasa ta aiko da ƙorafi.

A ranar da nake goge takalman nan, ƙwallon ta taso ta daki fitilar lungun. Na ajiye tsumma na taka ta. Na ce, "Tsaya can." Na tura masa da cikin ƙafa, ta je ta tsaya daidai yatsunsa. Ya dube ni baki buɗe.

"Mami! Since when?"

"Tun kafin a san za a haife ka. Maido mini, kuma kada ta wuce gwiwa."

"Boleh lah," in ji shi da Malayanci, wai zai iya, ya kuwa ɗaga ta sama. Na yi masa fito.

Muna turawa ina ba shi labarin, har zuwa wankin hula. Da na gama, tambayarsa ta farko ita ce sunan Baturen. Na ce ban sani ba, Baturen inji kawai ake ce masa. Ya yi mini kallon da 'ya'yan yanzu suke yi wa wanda bai san sunan abu ba, ya ɗauko kwamfutar babansa. Muka yi kwanaki muna dubawa, tunda ba inda za mu je. Ashe irinsa suna da yawa. Kowanne an rubuta masa 'yan layuka: an haife shi a gari kaza, ya buga wa ƙungiya kaza, ya koma Ingila, ya buga wa ƙasarsa sau ɗaya. Wasu an faɗi inda suka mutu, wasu labarin yana tsayawa ne kawai daga ranar da suka bar fili. Ba mu ga wanda aka ce ya je Filato ba. Ko wanne daga cikinsu zai iya zama shi.

Har na ce ya bari haka, sai ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce, "Mami, like this one ah?"

Hoton hula ne a cikin gilashi, a wani gidan ajiye kayan tarihi. Karammiski shuɗi mai duhu, ɗan baki a gaba, tuntun azurfa, haruffa da lambobi a goshi. A ƙasa an rubuta cewa irinta ake ba wanda ya buga wa ƙasar wasa. Ba tamu ba ce, amma da za a ajiye su tare kafin wanki, ba zan iya bambance su ba. Na ɗauki hoton na tura wa babana ta waya, ban rubuta komai a ƙasa ba.

Babana ya tsufa yanzu, ya bar tuƙi, yana zaune a Jos, su ma a lokacin a kulle suke. Mu muna la'asar su suna hantsi ya kira ni. Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Uwata, wannan hoton daga ina?"

Na gaya masa, na karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa, na fassara.

"Irinta ce," in ji shi. "Har bakin." Sai kuma ya ce, "Wasan da aka ba shi hular, sun ci ko an ci su?"

"Baba, ai Kaka ya faɗa ba sau ɗaya ba."

"Ya faɗa. Ni ne ba na ji." Na ji yana gyara zama. "Ke kin riƙe. Faɗa mini, daga farko."

Na jingina da bangon lungun na fara daga bakin kogin da ake ƙera jirage, kamar yadda Kaka yake farawa. Bai katse ni ba, bai kuma ce "to" ba ko sau ɗaya. Ɗana yana gefe yana jujjuya ƙwallo a ƙarƙashin ƙafarsa, yana tsintar abin da zai iya tsinta.

Yanzu an buɗe gari, yaron ya koma fili, kuma idan na leƙa ta taga nakan ga yana ɗaga ƙwallo sama kamar kowa, sai jefi-jefi ya tuna ya tura ta ƙasa. Mai wankin hular barikinmu ya rasu, barikin ma an ce rabinsa ya zama kango. Abin da Kaka ya so ya yi tafiya a mota ya nema wurin baƙo, yaro ya samo shi daga kan kujera, ko takalmi bai sa ba. Har yau ban san sunan Baturen inji ba, kuma ba na jin zan sani. Babana dai ya yarda, ya kuma saurari labarin har ƙarshe, sai dai daga bakina ya ji shi, ta waya, shekaru bayan an binne wanda ya yi ta jiran ya ba shi.